Amanar Tsuntsayen Sa'alaba

Mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki ba shi da maƙiyi irin lokacin sanyi. Wannan ne karatun farko da Jidda ta biya mini, ni kuwa ban ɗauke shi da wuri ba.

Na sauka garin ana tsakiyar zafi, irin zafin da mutum ke fitowa daga wanka yana neman wani wankan. Daga Gusau aka ɗauko ni aiki a wani shago a unguwar Sa'alaba, inda muke gyaran mukayyif, sunan da suke kiran na'urar ke nan. A watannin farko ko zama ba ma samu. Duk gidan da muka shiga da jakar kayan aiki tarbarmu ake kamar likitoci, a kawo ruwan sanyi, a kawo dabino. Na riƙa kiran matata Hadiza ina cika mata baki, har ina tambayarta kalar firjin da take so.

Sai sanyi ya shigo. Sanyin Jidda abin dariya ne. Iskar da a Gusau za mu shimfiɗa tabarma a waje mu more ta, ita za ka ga ƙato ya saka wa rigar sanyi har da hular kunne. Amma dariyar ba ta yi nisa ba, domin kowa ya kashe mukayyif ɗinsa, mu kuma muka koma zaman kallon motoci a ƙofar shago. A cikin wannan zaman ne aka wayi gari an bi bangayen unguwar da jan fenti, an rubuta kalma ɗaya a kowane gida. Larabcina bai nuna ba a lokacin, amma fuskokin mutane sun fassara mini ita: a tashi, za a rushe.

Kafilina, wato mutumin da zamana a ƙasar ke rataye a wuyansa, ya kwashe kayan shago ya ce zai neme ni in ya samu sabon wuri. Daga ranar wayarsa ba ta sake shiga ba. Iƙamata, katin izinin zama, ta mutu a aljihuna, kuma babu mai iya raya ta sai shi. Wanda bai taɓa zama a ƙasar mutane da matacciyar takarda ba, ba zai gane wannan tsoron ba. Ka ji an rufe ƙofar mota a bayanka, ka nemi lungun da za ka shige. A yi maka sallama a masallaci, ka fara tunanin ta wace ƙofa za ka fita. In aka kama ka gida za a mai da kai, a kuma hana ka dawowa. Ni kuwa shagona da kayan aikina duk na sayar kafin in taho, babu abin da zan koma in tarar.

Mutum ɗaya na dogara da shi, Sabi'u, ɗan unguwarmu da ke aiki a wani sito a tashar jiragen ruwa. Ya ce masu sitonsu na neman mai kula da na'urorin sanyi, kuma za su iya mai da iƙamata hannunsu. Abin da ake so kawai in yi haƙuri, kada in shiga hannu kafin takarda ta fito.

Gidan da nake haya na wata tsohuwa ne, Hajja Batula. Bahaushiyar Sudan ce. Kakanninta sun baro ƙasar Sakkwato a ƙafa za su hajji, suka yada zango a bakin Nilu, zangon ya zama gida. Mijinta ne ya kawo ta Jidda tana amarya. Gidan ƙarami ne, tsoho, da tsakar gida da darbejiya ɗaya a kusurwa. A gindin darbejiyar nan, bayan wani mataccen injin wanki, akwai faffaɗan kasko na ƙasa. Kullum rana ta fito Hajja za ta cika shi da ruwa, ta watsa gero, ta jiƙa busasshen tamis, burodinsu mai faɗi, ta marmasa. Ta ce marigayi mijinta ne ya fara, ita kuma tun da ya rasu ta mai da abin sadakarsa. Ban taɓa mai da hankali ba. Mai aiki ina ya ga ta tsuntsu.

Da wa'adin tashi ya matso, 'yarta ta zo ɗaukarta zuwa unguwar Madain Fahd, wani bene mai maigadi da ke tambayar takardar duk wanda zai kwana. Ni babu mai ba ni haya a ko'ina. Hajja ta san halin da nake ciki ba tare da na faɗa mata ba. Ana loda kayanta a mota ta ja ni gindin darbejiya.

Ta ce, "Lawwali, ya waladi, ɗana, ga mabuɗi. Ka zauna har Allah ya kawo maka mafita, ba na son komai. Abu guda: kada rana ta fito bayin Allahn nan su tarar da kaskon nan a bushe. Ga buhun gero can a ɗaki. Sadakar Alhaji ce. Ka ɗauka?"

Na ce na ɗauka.

"Amana?"

"Amana, Hajja."

Da ta ce in riƙa ɗaukar mata gidan a ka ma, a ranar da na ce na ɗauka.

Ba a jima ba aka yanke wuta, aka yanke ruwa. Sabi'u ya saka kwaɗo a ƙofar ta waje, don duk mai wucewa ya ga gida a rufe. Ranar Juma'a, lokacin da masu rusau ke hutu, yakan zo da jarkokin ruwa da burodi da kifin gwangwani, ya miƙo ta katanga. Ba na hura wuta saboda hayaƙi. Ba na tari sai na cusa fuska a matashi. Aikina ɗaya a duniya, in fito da sanyin safiya a sunkuye, in watsa gero, in cika kasko, in koma ɗaki in zauna bayan taga ina leƙe ta tsagar katako.

A nan na san tsuntsaye, don babu wani abin kallo. Gwara ke fara sauka, ba sallama ba godiya, suna ci suna faɗa. Sai kurciyoyi, masu zuwa a natse kamar matan da suka zo gaisuwa. Akwai bardo biyu, mata da miji, da ganinsu na farko ya sa ni ƙwalla, don rabona da bardo tun ina bin mahaifina gona. Tantabaru kuwa 'yan birni ne, su ture kowa. Hankakan Jidda ba shi da farin ƙirji irin namu, baƙi ne da tokar wuya, amma halin nan na sata iri ɗaya ne. Sannan akwai waɗanda Hajja ke kira baƙin shita, wato baƙin hunturu, masu zuwa da sanyi su tafi da shi: alhudahuda ɗaya mai caccakar gindin bango, da wani ɗan siririn tsuntsu fari da toka, wanda bindinsa ba ya daina kaɗawa, har yau ban san sunansa ba.

Kallon nan nawa ba na nishaɗi ba ne. Masu gadina na mai da su. Na gane in mage ce ta hau katanga, gwara ne kawai ke tashi su koma darbejiya suna zaginta. In shirwa ce ta gifta, kowa ya yi tsit. In kuwa mutum ne ya shigo lungu, gaba ɗaya suke tashi fuu, har tantabaru. Duk lokacin da na ji wannan tashin sai in manne da bango ina karanta duk abin da ya zo bakina, har su dawo.

Abin da ni da Hajja ba mu lissafa ba shi ne, ba ita kaɗai ke ciyar da tsuntsaye a Sa'alaba ba. A garin nan ba a zuba burodi ko shinkafa a shara, ni'ima ce, a kan katanga ko rufin gida ake ajiye wa tsuntsu. Kowane gida da nasa baƙin. Da mutane suka watse, lungu bayan lungu, sai duk tsuntsayen unguwar suka wayi gari marayu. Ban san yadda suke ba juna labari ba, amma sun ba wa juna. Tsakar gidan da ke ɗaukar 'yan tsiraru ta koma ba masaka tsinke. Katanga ta cika, darbejiya ta cika, wayoyin wutar da suka mutu suka cika.

Wata Juma'a Sabi'u ya leƙo ta katanga, fuskarsa ba daɗi. Ya ce mini tun daga babban titi, in mutum ya dubi unguwar, ba ya ganin komai sai tarin ɓaraguzai da gidajen da babu kowa, sai wuri ɗaya tak da tsuntsaye ke shawagi a kai kamar hayaƙi.

Ya ce, "Tuta ka kafa, Lawwali. Ko yaro ya san tsuntsu ba ya taruwa inda babu mai ba shi. Ka daina."

Na ce amana ce.

"Amanar mamaci za ta hana ka ta mai rai? Hadiza fa? Takarda ta kusa, kada ka ɓata mana aiki saboda gwara."

Gaskiya ya faɗa, don haka washegari ban fito ba. Na zauna bayan taga ina jira su gaji su tafi. Ashe ban san yunwa ba. Da, in sun ci sun sha, kafin hantsi sun watse. Yanzu da ba su samu ba sai suka ƙi tafiya. Tantabaru suka yini suna kewaya gidan a sama. Hankaki suka jeru a katanga suna ihu har la'asar, wani ma ya sauko yana saran ƙofar ɗakin da buhun yake. An gudu ba a tsira ba. Na toshe kunne, na dage, na sake hana su washegari, abin ya ƙara muni. Da safiyar da ta biyo baya na leƙa na ga kurciya ɗaya kwance a cikin busasshen kaskon, ƙafafu a sama. Ko ƙishi ne ya kashe ta, ko kwananta ne ya ƙare, Allah masani. Ni dai na ɗauko kwanon gero na watsa musu, na ce wa Alhajin da ban taɓa gani ba ya yafe mini.

Daga nan abubuwa suka ƙara tsuke mini. Aka tsananta tsaro a hanyoyin shiga unguwar, Sabi'u ya kasa shigowa. Wayata sai in kunna ta ɗan lokaci in kashe don kada caji ya ƙare, kullum saƙonsa ɗaya ne: ka ƙara haƙuri. Burodi ya ƙare, na koma jiƙa geron tsuntsaye ina tauna. Fita kuwa ba ta yiwuwa, don an share gidajen da ke tsakanina da titi, duk wanda ya ratsa filin nan ana hango shi daga nesa. Kullum ƙarar katafila na ƙara matsowa. In ta daki bango a can, sai in ji a haƙorana.

Na yi dabara, irin dabarar da tsoro ke koya wa mutum. A tsakar gidan akwai tankin ruwa na ƙarƙashin ƙasa, kamar yawancin gidajen Jidda, mai ƙaramin baki da murfin ƙarfe, da matakalar ƙarfe a jikin bangonsa. Ya daɗe da bushewa, sai kyankyasai. Na lura ta saman rufi cewa jami'ai kan zo su duba layin gidaje su tabbatar babu kowa, sai washegari katafila ta zo. Na ce to, ranar da suka zo dubawa in shige tanki, in sun tafi in jira magariba in san inda dare ya yi mini. A raina har yaba wa kaina nake.

Ranar da abin ya faru, ruwan da ya rage mini bai cika gora ɗaya ba. Na tsaya a gindin darbejiya da gorar a hannu, maƙogwarona kamar an zuba yashi, tsuntsaye sun zuba mini ido ta ko'ina. Ba zan yi wa kaina ƙaryar tsoron Allah ba. Don su yi shiru su watse da wuri na tsiyaya musu rabi a kasko, ina tsiyayawa ina jin haushinsu.

Ban kai ga komawa ɗaki ba suka tashi fuu gaba ɗaya. Na ji takun mutane a lungu, da muryar lasifika. Ban san lokacin da na ɗaga murfin na faɗa tanki na ja shi a kaina ba. Na ji an ɓalle kwaɗon. Na ji ana buga ƙofofin ɗakuna ana kira da Larabci ko akwai mutum, duk wanda ke ciki ya fito. Sun kira, sun sake kira, haƙƙinsu sun sauke. Wani ya taka murfin da takalminsa, ƙasa ta zubo mini a fuska. Na danne baki da hannu biyu, kyankyaso na bin wuyana ban motsa ba. Can na ji sun fita, na yi ajiyar zuciya, na ce na sha.

Sai na ji injin ya taso, ba daga nesa ba, daga ƙofar gida. Ashe ranar ba a jira washegari ba.

Dukan farko ya girgiza tankin har na faɗi. Na tashi na rarumi matakala na hau, na sa kafaɗa na tura murfin. Ko gezau. Wani ɓangaren katanga ya faɗo a kansa. Na yi ihu, na kira sunan Allah, na kira sunan mahaifiyata, na daki ƙarfen da hannu har ya fashe. Ni kaina ba na jin muryata saboda ƙarar injin. Duka na biyu ya tsaga rufin tankin, wani siririn haske ya shigo da ƙasa na zuba ta cikinsa. A nan na san mutuwa zan yi, a rami, a ƙasar mutane, a zuba mini gida a ka, kuma babu wanda zai taɓa sanin inda na shiga. Hadiza za ta yi ta jira, ba ta san ko takaba za ta yi ko zaman aure ba. Wannan tunanin ya fi mutuwar tsorata ni. Na saki matakalar na durƙusa na fara kalmar shahada.

Injin ya mutu.

Shirun da ya biyo baya har kunnena yana amsa kuwwa. Sai na ji takun mutum a kan ɓaraguzai, yana kira da Larabci. Ya sake kira da wani yaren da ban sani ba. Sannan ya ce da Hausa, irin ta mutanen Sudan, "Akwai mutum a nan? Don Allah in akwai ka yi magana."

Ko a lokacin, wallahi sai da iƙama ta faɗo mini a rai, na ɗan yi jim. Sannan na cire takalmi na shiga dukan murfin kamar mahaukaci.

Mutum uku suka taru kafin su ture abin da ya danne shi. Aka jawo ni waje, rabin gidan Hajja a ƙasa. Direban katafilar dattijo ne mai furfura a gemu. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ɗauke ni da mari, sannan ya zauna a kan ɓaraguzai ya dafe kai. Da ya samu numfashi ya nuna mini gindin darbejiya. Ya ce da ya ture katanga, daga can saman kujerarsa ya hango gwara sun dawo suna wanka a kasko, ruwa na fantsama. Unguwar da aka daɗe da yanke wa ruwa, kuma ba a yi ruwan sama ba.

Ya ce, "Gidaje da yawa na rushe a nan, ya akhi, ɗan'uwana, ban taɓa ganin kasko da ruwa ba sai yau. So ka yi in koma wurin 'ya'yana da jinin mutum a wuyana?"

Jami'an da suka duba gidan sun riga sun dawo, suna tsaye a kaina. Babbansu ya tambayi iƙama, na miƙa masa matacciyar. Bai daka mini tsawa ba. Ya miƙo mini gorar ruwansa, ya jira na shanye, sannan ya ce yalla, mu tafi. Direban ya shiga ɗakin da bai faɗi ba ya jawo sauran buhun geron, ya kai shi can filin da aka share ya farke shi.

Takardar Sabi'u ba ta taɓa fitowa ba. Na yi zaman da aka rubuta mini a wurin da ake tara waɗanda za a mayar gida, aka ɗauki hoton yatsuna, aka sa ni a jirgi. Na samu na kira Hajja sau ɗaya kafin mu tashi. Ta yi kuka, ta ce ta sauke mini amana, Allah ya kai ni gida lafiya.

Na sauka Gusau da kayan jikina da takalmi ƙafa ɗaya nawa, ɗaya na aro. Kunya ta hana ni fita ko masallaci. Amma wanda ya dawo daga ƙasa mai tsarki ba ya ɓoyuwa. Washegari mata suka cika gidanmu, ana sannu da zuwa ana raba ido, ko za a ga dabino, ko zamzam, ko ɗan carbi. Ina zaune a tabarma kaina a ƙasa, Hadiza na ɗaki ta kasa fitowa. Wata gwaggona da ba ta iya ɓoye abin da ke ranta ta gaji da jira, ta dubi mahaifiyata ta ce, "To Inna, ina tsarabar tamu?"

Mahaifiyata ita kaɗai na ba wa labarin tankin. Ta ɗora hannunta a kaina, ta bar shi a wurin.

Ta ce, "Ga ta nan zaune."